Silimar Palace ta Jakara, Daga Gini Zuwa Rufewa

Wanda zai ba da tarihin silimar Palace ta Kano dole ne ya fara da ƙasar da aka kafa ta a kai, domin wurin ne ya jawo mata rigima tun gininta bai kai ga linta ba, kuma shi ne ya yi ajalinta bayan shekara 30 da 'yan kai. An gina ta a Jakara, gefen kasuwar Kurmi, a tsakiyar birni.

Jakara tsohon suna ne ƙwarai. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambace shi tun a labarin zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda. An ce a wancan lokaci wurin kurmi ne mai duhu da ruwa baƙi ƙirin, har ake kiransa Kurmin Baƙin Ruwa, kuma wai idan masifa za ta auka wa ƙasa sai a ji ƙara daga cikinsa, a ga hayaƙi yana tashi. Wannan labarin kaka da kakanni ne, aka rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da yake magana a kai. Abin da ya fi tabbata shi ne kasuwar. Ana danganta kafa Kurmi ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma tun daga nan ta zama cibiyar fatauci tsakanin ƙasar Hausa da Barno da Gwanja da biranen Larabawa na ƙetaren Sahara. Bature ɗan yawon buɗe ido, Heinrich Barth, ya tarar da ita cike maƙil a 1851, ya kuma rubuta labarin ruwan Jakara da ke kwance a gefenta. Unguwannin da ke kewaye da wurin gidajen attajirai ne da malamai, kuma ba nisa daga nan Madabo take, tsohuwar unguwar karatu da ake danganta asalinta ga Wangarawa.

1903 zuwa 1937: birni da waje

A watan Fabrairun 1903 sojojin Turawan Ingila suka ci Kano. A watan Agusta na shekarar aka fara haska hoto mai motsi a Najeriya, a zauren Glover da ke Legas. Sai da aka yi fiye da shekara 30 kafin Kano ta sami gidan silima na dindindin, kuma abin da ya faru a tsakani shi ya tsara inda za a gina shi.

Turawa sun bar cikin ganuwa a hannun Sarki da alƙalansa. Ba su bar 'yan mishan su kafa coci a ciki ba, ba a sayar da giya, kuma baƙon da ba Musulmi ba ba ya kama gida. Su da kansu suka zauna can gefen Nasarawa da Bompai. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka yi ta kwararowa, aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Kwara, wato Larabawan Lebanon da Siriya, suka kafa kantunansu kusa da Fagge, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. Haka Kano ta rabu biyu a zukatan mutanenta: birni, inda ake tsare mutunci da sanin asalin kowa, da waje, inda ake samun otal da gidan rawa da giya da duk wani sabon abu da zamani ya kawo. Ɗan birni yakan fita waje ya yi abin da zai yi, ya dawo gida kafin a kulle ƙofar zaure, ba wanda ya tambaye shi, muddin bai kawo abin cikin unguwa ba.

Hoto mai motsi ya fara isa ga talakan Kano ta hannun gwamnati. Mota ce take zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a fili ko a ƙofar fadar hakimi, a haska fim kan tsafta da noma da biyan haraji, mai bayani yana fassarawa da Hausa. Shi ne majigi. Kyauta ne, da yardar sarakuna ake yin sa, yara da manya suna zaune a fili kowa yana ganin kowa, don haka bai tayar da ƙura sosai ba.

Silima ta kuɗi daban ce. A 1937 aka buɗe Rex a waje, mallakar wani ɗan kasuwa Bakware. Fili ne da katanga ba rufi, sai dare ya yi ake haskawa, kuma da farko ana raba darare, wasu na Turawa da Larabawa, wasu na baƙar fata. Finafinan Ingila da Amurka ake kawowa. Tun daga nan silima ta ɗauki ƙaurin unguwar da aka haife ta. Malamai da yawa sun ƙi ta saboda hukuncin sura, wato ƙirƙirar siffar mai rai, wasu kuma suna ganin sihiri ne a ga mutum yana tafiya yana magana a jikin bango, har aka laƙaba mata dodon bango. Amma abin da ya fi damun dattawa shi ne cakuɗuwar maza da mata a cikin duhu. Matar aure tana kulle, budurwar gidan mutunci ba ta fita da dare, saboda haka duk macen da aka gani a silima an riga an yanke mata hukuncin karuwa ce. Wannan tambari bai taɓa gogewa daga silimun Kano ba har suka mutu.

1951: gobarar El-Duniya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara buɗe wata silimar a waje, El-Duniya, kuma masu harkar suka lura cewa yawancin kuɗin da ke shiga akwatinsu daga aljihun samarin birni yake fitowa. Lissafin kasuwa ya nuna musu a kai musu abin har ƙofar gida. Aka nemi izinin gini a Jakara, hukumar En'e ta Sarki Abdullahi Bayero ta amince. Mutane da dama a lokacin sun ɗauka cewa Turawa ne suka matsa wa Sarki, domin ba su ga yadda dattijo irinsa zai so hakan da kansa ba.

Ana cikin wannan ce-ce-ku-ce, ranar Lahadi 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a El-Duniya ana tsakiyar kallo. Mutum wajen 600 ne a ciki. Binciken da gwamnati ta yi ya ƙirga 331 da suka rasu, mafi yawansu Hausawa, har da yara.

Sanadin gobarar a fili yake ga wanda ya san kayan aikin wancan zamani. Zaren fim na lokacin da sinadarin naitiret ake yin sa, ɗan uwan abin da ake haɗa albarushi da shi. Zafi kaɗan yake buƙata ya kama, fitilar injin haskawa kuwa zafinta ya isa, kuma idan ya kama yana samar wa kansa iskar da wuta ke ci, har ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, ga hayaƙi mai guba. Binciken ya gano cewa daga finafinan da aka ajiye a ɗakin inji wutar ta tashi, ta bi rufi ta mamaye zauren. Irin wannan masifa ta sha faruwa a wasu ƙasashe: a garin Paisley na Sikotland, hayaƙin fim ya jawo turmutsutsun da ya kashe yara kimanin 70 a ranar ƙarshe ta 1929. Abin da ke ƙara sosa rai shi ne, a daidai shekarun nan kamfanin Kodak yake daina yin zaren naitiret yana komawa ga wanda ba ya kamawa da wuri, amma tsofaffin kwafi su ake turowa ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka bayan sun gama zagaye a Turai.

A cikin gari kuwa wani bayani ne ya bazu. Aka ce azaba ce Allah Ya saukar. Aka ce wai fim ɗin da ake haskawa ya nuna siffar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Aka ce waɗanda suka ɗauki gawawwakin sun mutu, gandirobobin da suka taimaka sun haukace, fursunonin da aka sa aikin sun kasa cin abinci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tabbata, kuma sai da gwamnati ta sa aka yi ta ƙaryata su a rediyo cikin harsuna daban-daban. An kuma ruwaito cewa wasu malamai sun ƙi yi wa mamatan salla. Wannan shi ya fi komai nauyi a labarin nan. Iyaye sun rasa 'ya'yansu cikin wuta, sannan aka bar su da kunyar inda ajali ya same su, alhali yaran nan ba abin da suka yi face biyan kuɗin tikiti, kuma laifin ajiye abin fashewa kusa da fitila mai zafi yana wuyan wasu ne daban.

Buɗewa cikin jifa

Ba a daɗe da binne mutanen El-Duniya ba aka buɗe Palace, silima ta farko a cikin ganuwar Kano. Da wuya a sami lokacin da ya fi wannan muni. Samari suka fito suna nuna ƙin amincewa, har sai da 'yan doka suka kama wasu. Kamun bai kashe maganar ba. Da yake ita ma, kamar Rex, fili ce ba rufi, sai aka koma jifa: ana tsakiyar kallo duwatsu su riƙa faɗowa ta saman katanga, masu fitowa kuma a tare su da zagi. Watanni bayan buɗewar 'yan sanda suna ta kai rahoton wannan.

Siyasar lokacin ta ƙara wa wutar mai. A ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma babban ƙorafinta shi ne En'e tana yin abin da ta ga dama da talakawa ba tare da shawararsu ba. Ga misali a ƙofar gida: an kawo wa mutanen Jakara abin da ba su nema ba, an sa 'yan doka su tsare shi. Malamin da ke ƙin silima don addini da ɗan siyasar da ke ƙin En'e don zalunci suka sami abin da ya haɗa su, ko da ba su taru a inuwa ɗaya ba. Cikin samarin birni da suka tashi a wannan yanayi, suka shiga NEPU suka bi Malam Aminu Kano, akwai wani ɗan unguwar Bakin Zuwo, Aliyu Sabo.

Sarki Abdullahi Bayero ya rasu a ƙarshen 1953, ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi. Jifa ta lafa, Palace ta zauna. Amma zaman haƙuri ne irin na maƙwabcin da ba a gaisawa da shi.

Shekarun 1960 da 1970: zamanin cika

Abin da ya raya Palace da sauran silimun Kano shi ne fim ɗin Indiya. Kwara masu rarraba finafinai suka fara shigo da shi a shekarun 1950 saboda araha, sai ga shi ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bahaushe ya ga mata da lulluɓi, maza da rawani da doguwar riga, ya ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, ya ga uba yana tilasta wa 'yarsa auren wanda ba ta so, ya ga talaka yana fama da mai kuɗi azzalumi. Ba ya jin Hindi, amma ya san labarin tun daga gidansu. Mother India, wanda ya fito a 1957, an yi shekaru ana maimaita shi, mutane suna haddace waƙoƙinsa. Jaruman ma aka raɗa musu sunayen gida, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Ga finafinan kaboyi na Amurka, sannan a shekarun 1970 na Sin suka shigo da Bruce Lee, yara suka cika lunguna da tsalle da shuri.

Kano ta zama babban birnin jiha a 1967, kuɗin man fetur ya shigo bayan yaƙin basasa, gari ya cika da samari masu ɗan abin kashewa. Silimu suka yawaita a waje: Plaza, Orion, Queens, Wapa, Eldorado, daga baya Marhaba. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972, a zamanin Janar Gowon, ta keɓe mallakar gidajen silima ga 'yan Najeriya, ko da yake hanyar shigo da finafinan ta daɗe a hannun waɗanda suka saba da ita.

Ya kamata a yi wa Palace adalci a nan. Ga ɗan birnin da ba shi da kuɗin mota zuwa Sabon Gari, ko yake tsoron a gan shi a can, ita ce tagar da ya fara hango duniya ta cikinta: teku, dusar ƙanƙara, jirgin sama, biranen da bai taɓa jin sunansu ba. Dubban magidanta da suka zama mutanen kirki, 'yan kasuwa da malaman makaranta da ma'aikata, sun zauna a bencinta suna samari, ko da ba kowa ke son faɗa ba. Waƙoƙin da aka ji a irin waɗannan wurare su ne daga baya 'yan bandiri suka ɗauki karinsu suka zuba yabon Annabi a kai, kuma daga cikin masu kallon nan marubutan littattafan soyayya da 'yan fim na Hausa suka fito.

Sai dai masu ita ba su taɓa mayar da ita wurin da magidanci zai kai iyalinsa ba, kuma al'adar gari ba ta ba su wannan dama ba. Wurin da mutanen kirki ke shiga a ɓoye, marasa kunya su ke mallakarsa a sarari. Bakin ƙofarta ya zama matattarar masu sayar da wiwi da ƙwaya, da 'yan daba, waɗanda jam'iyyu suka riƙa amfani da su tun rigingimun siyasar shekarun 1950. Mai gida a Jakara da zai fita sallar Isha'i, ko ya aiki 'yarsa sayen kalanzir, ta cikin wannan taro za a bi. Abin da dattawan 1951 suka ji tsoro ya tabbata a idon 'ya'yansu, ko da ba fim ɗin da ke jikin bango ne ya kawo shi ba.

1983: wata uku na Sabo Bakin Zuwo

Farkon shekarun 1980 ya zo wa Kano da tashin hankali. A Disambar 1980 aka yi rikicin Maitatsine, dubban mutane suka mutu. A ranar 10 ga Yuli, 1981 aka yi tarzoma kan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe mai ba gwamna shawara, Dakta Bala Muhammad. Kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Mutanen birni suka ƙara jin tsoron duk inda samari marasa aiki ke taruwa da dare. A gefe guda kuma talabijin ta shiga gidaje: tashar tarayya ta Kano tun tsakiyar shekarun 1970, sannan CTV ta gwamnatin jiha. Ana nuna wasannin kwaikwayo na Hausa, ana kuma saka finafinan Indiya, har matan kulle suka fara ganin abin da a da sai an je silima. Wanda ke son fim don fim ya sami inda zai kalla cikin rufin asiri, aka bar wa Palace waɗanda wani abin ne ke kai su.

Jam'iyyar PRP, wadda Rimi da Malam Aminu Kano suke ciki, ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya ajiye mulki ya koma NPP don ya sake tsayawa, PRP kuma ta tsayar da Sanata Sabo Bakin Zuwo, wato Aliyu Sabon nan na NEPU, wanda ya kayar da shi a zaɓen watan Agusta. Ranar 1 ga Oktoba aka rantsar da shi. Cikin abubuwan da ya fara yi akwai soke sababbin masarautun da Rimi ya ƙirƙira, da kuma rufe silimar Palace. Ya ba da umarni a mayar da wurin asibiti.

Jama'a sun yi murna da wannan mataki ƙwarai, kuma ba wuya a gane dalili. Gwamnan ɗan cikin birni ne, ya san wurin tun yana saurayi, ya san abin da maƙwabtansa ke faɗa a zaure. Da ya rufe ya bar kango, da 'yan daban sun ci gaba da zama a ciki ba tare da sun biya tikiti ba. Unguwannin tsakiyar birni cunkushe suke, lunguna ne da mota ba ta shiga, kuma mace mai naƙuda da dare tana buƙatar wurin da za a kai ta da ƙafa ko a baro. A nan Bakin Zuwo ya yi dabarar da ta wuce hani kawai: ya karɓe abin da unguwa ba ta taɓa nema ba, ya ba ta abin da take bukata. Ranar 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau, aka tsare gwamnoni har da Bakin Zuwo. Mulkinsa bai wuce wata 3 ba. Ya rasu a 1989, kuma har yau asibitin haihuwa na Jakara sunansa yake ɗauke da shi.

Rufewar ba ta kawar da daba ko shaye-shaye daga birni ba, domin tushensu rashin aiki ne da siyasar da ke ciyar da su, sai suka canja matattara. Amma ta sauke wa mutanen Jakara nauyin da suka ɗauka fiye da shekara 30 ba da son ransu ba.

Bayan Palace

Sauran silimun sun ɗan ƙara shekaru, kuma tattalin arziki da na'ura ne suka fi cin su. Shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida a 1986 ya karya darajar naira, hayar fim daga waje da sayen kayan gyaran inji suka gagara. Bidiyo ya shiga gidaje, kaset na satar fasaha ya cika Ƙofar Wambai. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin bidiyo na Hausa da ake ƙirga farkon Kannywood daga kansa, kuma kasuwarsa ɗakunan mata ce. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim da silima a ƙarshen shekarar, sannan ta kafa hukumar tace finafinai a 2001 aka ci gaba bisa sharuɗɗa. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin gidajen suka koma shaguna da wuraren ajiye kaya. Wapa a yau sunan kasuwar 'yan canji ne a Fagge, Eldorado kuma sunan kwatance ne ga mai hawa adaidaita-sahu.

Taƙaddamar kanta ba ta mutu da gine-ginen ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, nesa da ganuwa da kilomita masu yawa. Malamai suka yi ta suka a kan mumbari da rediyo, suna cewa zai zama matattarar baɗala, kuma cikin 'yan makonni gwamnati ta janye shirin.